Zuwa ga ƙanwata a Agege, kafin ki ɗaure akwatin Landan

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya same ni lafiya, na kuma yi murna da jin cewa bizar karatunki ta fito. Allah Ya sanya albarka. Ki gaishe min da Baba da Inna da sauran mutanen gida.

Kin tambaye ni ƙarfe nawa ya kamata ki bar Agege, ko za a sa ki cire hijabi a gaban maza, da ko kilishi zai wuce. Can ƙasan saƙon kuma kika ce wata Hajiya a layinku ta roƙi ki tafi wa ɗanta da ɗan ƙunshi, kina jin nauyin ce mata a'a. Da wannan na ƙarshen zan fara, domin shi ne ya tayar min da hankali.

Kada ki karɓa. Ban ce Hajiya muguwa ce ba, wataƙila ita ma wani ne ya ba ta, ba ta san abin da ke ciki ba. Amma a filin jirgi, duk jakar da ke ɗauke da sunanki taki ce, ke da abin da ke cikinta. Ki tuna ɗalibar nan da ta tashi daga Kano zuwa Umra a watan Disamban 2018, aka kama ta a Saudiyya saboda wata jaka mai ƙwayar tiramadol da aka liƙa wa sunanta tun daga gida ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 ta fito, bayan wata huɗu a tsare a ƙasar da ake yanke wa masu safarar ƙwaya hukuncin kisa. Ita ko ganin jakar ba ta yi ba. To ina ga wadda ta sa hannu ta karɓa, aka tambaye ta wa ya shirya mata kaya ta ce ita ce? Mu Hausawa an raine mu da kunya da kara, kuma ina alfahari da hakan, amma jami'in da zai buɗe akwatinki ba ya karɓar "maƙwabciyarmu ce ta ba ni" a matsayin hujja. Idan bakinki ba zai iya furta a'a ba, ki bar wa Baba maganar, shi zai san yadda zai faɗa mata ba tare da zumunci ya ɓaci ba. In kuma dole ne, to a zazzage ƙunshin a gabanki, ki ga komai da idonki, ki sake zuba shi a ledarki. Duk abin da ke rufe cikin gwangwani, ko kwalba marar suna, ko garin da ba ki san ko na mene ne ba, ya zauna a gida. Har kayan mata, domin na san za a kawo.

Batun lokaci ba shi da tsawo. Yawancin jiragen Landan da dare suke tashi daga filin Murtala Muhammed, kuma kin fi ni sanin yadda hanyar Ikeja take cushewa da yamma. Ki kasance a bakin ƙofa awa huɗu kafin tashi. Ki tabbatar tun a gida a wane gini kamfanin jirginki yake, tsohon ko sabon da aka buɗe a 2022, ki kuma duba tikitinki da kyau: British Airways da Virgin Atlantic Heathrow suke sauka, shi kuwa Air Peace da ya fara zuwa daga Legas a watan Maris na 2024, Gatwick ya nufa. Tsakanin filayen biyu tafiya ce ta wajen awa guda a mota, kada mai tarbarki ya je yana jira a inda ba ki.

A Ikeja za ki bi ta hannun hukumomi da yawa: masu tsaron filin, kwastam, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, masu duba kayan abinci da tsirrai, sannan jami'an shige da fice. Ki tsaya kan akwatinki duk lokacin da aka buɗe shi, ki rufe da hannunki. Idan an auna kaya an liƙa musu takarda, ki ƙirga rasit ɗin da aka ba ki. Akwati biyu, rasit biyu, ba uku ba. Ki ɗauki hoton akwatunan a waya, in da hali ki sa a naɗe su da leda. Wani zai iya yi miki murmushi ya ce a ba shi na goro; ki gaishe shi da ladabi ki wuce, takardunki sun cika, ba wanda ke bin ki bashi. Wanda kuma ya zo ya ce kayansa sun yi nauyi, ki taimaka a rubuta jaka ɗaya da sunanki, ko da dattijuwa ce sa'ar Inna, amsar ɗaya ce da ta Hajiya.

Wajen na'urar bincike, duk abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Dokar ta samo asali ne a 2006, lokacin da 'yan sandan Ingila suka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadarai a cikin kwalaben lemo. Saboda haka humra da turare da man shafawa su tafi babban akwati. Fawa-bank kuwa akasin haka, a jakar hannu yake tafiya, ba a yarda da shi a cikin kayan da ke ƙasan jirgi ba saboda batirinsa kan kama da wuta. Kada kalmar bam ta fito daga bakinki ko da wasa.

Hijabinki ba zai hana ki wucewa ba, a nan ko a can. Ki rage allurai da sarƙa da awarwaro, su ne ke sa na'ura ƙara. Idan ta yi ƙara, mace ce za ta laluba ki, in kuma ana son ganin kanki, kina da damar cewa a kai ki ɗaki na daban. Ki faɗa da murya a sake, ba roƙo kike yi ba. Fuska dai dole a gan ta a gwada da hoton fasfo.

Bayan wajen awa shida da rabi za ki sauka. Za ki ga mutane na wucewa ta ƙofofin da ke karanta fasfo da kansu. Koren fasfonmu ba ya cikin waɗanda aka ba wannan dama, ki bi layin sauran ƙasashe, ki shirya wa tsayuwa. Bizar ɗalibai yanzu ta koma ta intanet, don haka tun kina Agege ki shiga asusunki na UKVI, wato hukumar biza ta Ingila, ki tabbatar lambar fasfon da ke hannunki ce a ciki. Duk da haka ki buga takardu ki riƙe a jakar hannu, ba a akwati ba, domin akwati sai bayan an wuce teburin jami'in shige da fice ake ɗauka: takardar CAS (shaidar cewa jami'a ta karɓe ki karatu), wasiƙar da aka sanar da ke an ba ki biza, shaidar gwajin tarin fuka, bayanin banki, da adireshin ɗakin da za ki zauna. Ki kuma lura da ranar da bizar ta fara aiki. Ana barin ɗalibi ya shigo har wata guda kafin fara karatu, amma ba kafin ranar da aka rubuta ba.

Jami'in zai ɗauki zanen yatsunki, ya tambaye ki wace jami'a, wane kwas, wata nawa, wa ke biyan kuɗi. Ya riga ya ga amsoshin a kwamfutarsa, so yake ya ji ko bakinki ya yi daidai da takarda. A gida an koya mana sunkuyar da kai a gaban babba. A nan ki ɗago ki dube shi, domin su kawar da ido suna iya ɗaukarsa ɓoye wani abu ne. Ki amsa abin da aka tambaya ki tsaya. In ba ki gane lafazinsa ba, ki ce ya maimaita, ya fi ki ce "e" ga abin da ba ki ji ba. Idan maganar aiki ta taso, ki sani awa 20 a mako aka yarda miki lokacin da ake karatu, kuma karatun ne ya kawo ki.

Yana iya faruwa a ce ki koma gefe ki zauna, a ba ki wata takarda, a tafi da fasfonki. Sau da yawa jami'arki suke son tuntuɓa, shi ya sa lambar ofishin ɗaliban ƙasashen waje da ta mai tarbarki su kasance a rubuce a takarda, ko waya ta mutu. Ban da wannan, dokar ta'addanci ta 2000 ta ba 'yan sanda ikon tsayar da matafiyi a filin jirgi su yi masa tambayoyi har tsawon awa shida ko da ba su zarge shi da komai ba, su kuma nemi ya buɗe wayarsa, ƙin buɗewar laifi ne. Musulmi a nan sun daɗe suna kokawa da yadda ake amfani da ita, kuma ina ganin kukansu na kan hanya. Mafi yawan mutane ba su taɓa haɗuwa da ita ba, na faɗa miki ne don kada ki firgita. Amma ki bi wayarki ki share bidiyon kashe-kashen da ake turowa a zaurukan WhatsApp, wanda ma bai dace ya zauna a wayar kowa ba.

Kilishi kuwa, ki yi haƙuri. Nama da madara daga Najeriya ba sa shiga Ingila, don haka kilishi da dambun nama da man shanu duk ki bar wa su Inna. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma kilo 2. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa ki zuba kowanne a leda mai haske, ki rubuta sunansa da Turanci. Maganin asibiti ya zo a kwalinsa tare da takardar likita, musamman mai kodin ko tiramadol. Tsabar kuɗi idan ta kai fam 10,000 sai an bayyana. A ƙofar fita akwai hanya mai alamar kore da mai alamar ja. Duk abin da kike shakka a kansa, kamar ɗanyen goro, ki bi ja ki nuna. Iyakarta su karɓe.

Kowane gini a Heathrow yana da ɗakin ibada, ki tambayi ma'aikata su nuna miki ki yi asuba kafin ki kama hanya. Ki sa rigar sanyi a jakar hannu, ki turo min lambar jirginki da ranar tashi da zarar kin yanki tikiti.

Yayarki.