Tankar yaƙi a kurmin Boma: Kaka bai yi ƙarya ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kakana ya je yaƙin Boma, kuma har Allah ya karɓi abinsa yana cewa bai taɓa sa tankar yaƙi a ido a can ba, sai tafiyar ƙafa da kaya a ka. Abokina soja kuwa ya dage cewa tankoki sun yi aiki sosai a yaƙin. Mun kwana biyu muna musu a teburin mai shayi. Wa ke da gaskiya? Daga mai karatu a Wunti, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Kaka. Ka saya wa abokinka shayi, domin ku duka biyun kuna kan hanya.

Yawancin mutanenmu da suka je Boma suna cikin runduna ta 81 ne ko ta 82 ta Afirka ta Yamma. An tura ta 81 kwarin kogin Kaladan, inda ko jif sai da suka sare mata hanya da adda da gatari. 'Yan dako ne ke ɗaukar igwa gunduwa-gunduwa a ka, abinci da harsashi kuwa daga jirgin sama ake jefo musu da laima. Ina yaro akwai wani tsohon ɗan Boma a layinmu da kan cire hula ya nuna mana tsakar kansa, sul ba gashi, ya ce aikin gammo ne. Mutum irin wannan zai iya gama yaƙin bai ji ko ƙarar tanka ba.

Amma tanka ta shiga kurmi. Da fari Turawan Ingila sun ɗauka ba za ta iya ba, har suka bar sojojinsu da ke Malaya, yankin ƙasar Malesiya ta yau, ba su da ita. Japanawa suka zo da tankokinsu, ƙanana masu suna Ha-Go da matsakaita masu suna Chi-Ha. Ranar 7 ga Janairun 1942, a kogin Slim, suka biyo kwalta tun kafin gari ya waye, suka ratsa birged biyu na ɓangaren Ingila kamar an saki sa a kasuwar tukwane. Bayan kwana huɗu Kuala Lumpur ta faɗi.

A Boma ma an sha wuya kafin a gane kan abin. A watan Mayun 1942, sojojin Ingila da ke ja da baya suka iso kogin Chindwin da tankokinsu ƙirar Stuart, ba jirgin fiton da zai ɗauke su. Da hannunsu suka lalata su, ɗaya tak ta haye.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dabarar da suka koya daga baya. Japanawa kan haƙa rami a gefen tudu, su rufe shi da gungumen itace da ƙasa, ciyawa ta tsiro a kai. Sai ka taka shi ba ka sani ba. A 1944 aka fara kawo tankar Lee, mai igwa biyu, har gaban ramin. Za ta fara harba harsashi mai fashewa ya share gora da ganye, bakin ramin ya fito fili. Sannan ta koma harsashin ƙarfe zalla mai huda, wanda ba ya watsa ɓaraguzai, sojan ƙasa na rarrafawa a ƙarƙashinsa har ya kai inda zai jefa gurneti. Ka ga ke nan tanka ta daina zama dokin sukuwa, ta koma igwa mai tafiyar hawainiya, kuma in ba sojan ƙasa a gefenta, makauniya ce.

Makantar nan ta ci rayuka. Ranar 13 ga Afrilun 1944, a tudun Nunshigum kusa da Imphal, a ƙasar Indiya daf da iyakar Boma, hanyar ta yi siririyar da sai kwamandan tanka ya leƙo da kansa waje yana nuna wa direba inda zai taka. Ɗaya bayan ɗaya aka harbe hafsoshin, sai wani samanja ne ya ƙarasa jan ragamar har aka kama tudun. A Kohima kuwa, ita ma a Indiya, cikin Mayu, da taimakon katafila aka kai tanka saman tudun gidan Di'o, ta murƙushe ramukan da ke filin wasan tanis ɗinsa.

Sai da aka fito fili a tsakiyar Boma tankokin Sherman suka samu sakewa, suka kama Meiktila a Maris ɗin 1945. A lokacin mutanenmu na runduna ta 82 suna can yankin Arakan, bayan sun shiga Myohaung a watan Janairu, sunan da wani barikin soja a Legas ke ɗauke da shi har yau.

Tunda hedikwatar rundunar tankoki da makarantarta suna nan Bauchi a barikin Obienu, ka tambayi abokinka me ya sa ake ɗora tanka a kan tirela in za ta yi nisa, kuma wa ke yarda ya shigar da ita fadama a watan Agusta. In akwai lambar yabon Kaka ko takardar sallamarsa a gida, duba ka aiko mini da abin da ke rubuce, mu ga ko za mu gane bataliyarsa.