Amsoshin Tambayoyinku: Turancin Takardun Bashin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham, kuma ni da maigidana muna son mu bar haya mu sayi gida na fam 240,000. Mun haɗa fam 60,000, har da kuɗin filin da muka sayar a gida. Dillalin bashi ya nuna mana tsari biyu, dukansu na shekara 25 da kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari, amma a ɗaya za mu riƙa biyan fam 1,052 duk wata, a ɗayan kuma fam 750. Ina jin Turancin asibiti, amma na waɗannan takardu ya fi ƙarfina. Me zai hana mu ɗauki mai sauƙin?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kalma ɗaya ce ta raba tsarin nan biyu, kuma ina roƙon ki nemo ta a saman kowace takarda kafin ki sake duban lambobin. Na fam 1,052 za ki ga an rubuta masa "repayment", na fam 750 kuma "interest-only". Abin da za ku ranta fam 180,000 ne, shi ne uwar kuɗi, wadda Bature ke kira "capital" a Ingila, "principal" a Amurka, kuma ruwan da ke hawa kanta shi ne "interest". A tsarin farko, cikin biyan watan farko fam 750 ruwa ne, fam 302 kuma yana rage uwar kuɗi. Kowane wata rabon ruwa yana raguwa, rabon uwa yana ƙaruwa, har bashin ya ƙare ƙarƙaf a shekara ta 25. A tsari na biyu ruwan kaɗai kuke biya, saboda haka bayan shekara 25 kuna zuba fam 750 duk wata, bankin zai ce ku kawo fam 180,000 ɗinsa cif, ko kwabo bai ragu ba. Idan ruwan ya tsaya a kashi 5 har ƙarshe, ruwan tsarin farko zai kai kusan fam 135,700, na biyun kuma fam 225,000. Arahar nan irin wadda ba ta ado ce, kuma ga iyalin da albashi ne dogaronsu, ba wata kadara da za su sayar a ƙarshe, ban ga dalilin ɗaukar ta ba.

Na ce "idan ya tsaya a kashi 5" da gangan, domin nan ne mutanenmu suka fi zamewa. Kalmar "fixed" na nufin ruwan ba zai motsa ba, amma sai ki karanta abin da ya biyo bayanta. A Ingila yawanci shekara 2 ko 5 ake tsayar da shi, alhali "term", wato tsawon rayuwar bashin gaba ɗaya, shekara 25 ne. Da zarar wa'adin tsayarwar ya cika, sai a mayar da ku kan "standard variable rate", farashin da bankin ke sa wa kansa kuma yake canzawa yadda ya ga dama, wanda galibi ya fi na farko tsada, sai dai idan kun nemi sabuwar yarjejeniya. A Amurka kuwa bashin da aka tsayar da ruwansa shekara 30 cur shi ne ruwan dare, don haka idan wani ɗan'uwa da ke can ya ce miki "fixed" yana nufin kin huta har abada, gaskiyar ƙasarsa ya faɗa, ba ta inda kike ba. Ki duba kuma "early repayment charge", tarar da ake ci idan kun biya bashin da wuri ko kun koma wani banki kafin wa'adin tsayarwar ya ƙare. Mutumin da ya tashi a al'adar da ake yaba wa mai gaggawar sauke bashi yakan yi mamakin a ce za a ci shi tara don ya biya da wuri, amma haka yake a rubuce.

Fam 60,000 ɗinku shi ne "deposit" a Ingila, "down payment" a Amurka. Kada ki haɗa shi da "deposit" na gidan haya, wanda ake mayar miki bayan kin tashi. Na sayen gida ya fi kama da kafin alƙalami, yana shiga cikin kuɗin gidan ne ya zama rabonku, abin da ake kira "equity". Shi ya sa takardar za ta ce "loan to value" ɗinku kashi 75 ne, wato bashin kashi uku ne cikin huɗu na darajar gidan, kuma duk lokacin da wannan lamba ta yi ƙasa, ruwan da ake yanka wa mutum yakan yi sauƙi. Takardar da ake kira "agreement in principle" ba alkawari ba ce, hasashe ne na abin da banki zai iya bayarwa kafin ya bincike ku. "Mortgage offer" ita ce tayin gaske. Haka ma cinikin gidan kansa a Ingila bai ɗaure kowa ba sai ranar "exchange of contracts", sannan a ba ku makulli ranar "completion". A ƙasan yawancin tallace-tallacen bashin gida za ki ga gargaɗin da ke ɗauke da kalmar "repossessed", kuma ma'anarsa ita ce za a iya ƙwace gidan idan biya ya tsaya. Bashin watannin da suka taru ba a biya ba shi ne "arrears".

Shawarata ita ce, a kowace kalma ki ce wa dillalin ya faɗa miki ita da lamba: fam nawa, a wane wata, kuma wa zai biya. Sannan ki zauna da maigidanki ki maimaita masa da Hausa. Duk inda Hausarki ta tsaya, wurin ne ba ki gane ba tukuna, kuma wurin ne za ki koma ki sake tambaya kafin ki sa hannu. Idan kuma batun riba ne ke damun ku, kalmar da za ku nema a can ita ce "home purchase plan", inda ku da bankin kuke tarayya a gidan, kuna biyan haya kan rabonsa kuna kuma saye shi kaɗan-kaɗan. Hukuncinsa na malamai ne, amma lissafinsa sai kun bi shi da irin wannan natsuwar.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Malaminmu ya soke mini jimlar "the bank borrowed me money", kuma har yau ina rikita "mortgagor" da "mortgagee".

Amsa: Malaminka yana da gaskiya, kuma tushen rikicin yana cikin bambancin harsunan biyu. Bahaushe yana raba aro da rance bisa ga abin da za a mayar: aro a mayar da abin kansa, rance a mayar da kwatankwacinsa. Bature bai damu da wannan ba, shi alkibla yake dubawa. Mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa shi ke yin "lend", ko keke ne ko kuɗi. Saboda haka sai ka ce "the bank lent me money", ko "I borrowed money from the bank". Ka tuna da bambancin "na ranta masa" da "na ranto daga wurinsa", za ka ga ba baƙon abu ba ne.

Ita kuwa "mortgage", wadda ba a furta harafin t a cikinta, ta fito ne daga tsohon Faransanci, kuma asalinta jingina take nufi, ba kuɗin ba. Wanda ya jinginar da gidansa, wato mai cin bashi, shi ne "mortgagor", bankin da ya karɓi jinginar kuma shi ne "mortgagee". Mutane suna juya su ne saboda suna zaton banki ne ke ba da "mortgage", alhali a shari'ance kai ne ka ba shi. Ka kula kuma da rubutun "principal", uwar kuɗi, da "principle", ƙa'ida, domin furucinsu ɗaya ne.

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, kuma shekara da shekaru ana cire mini kuɗin asusun gidaje daga albashi. Na karɓo fom, sai na tarar da "equity contribution" da "Governor's consent" da "tenor". Shin wasu kuɗaɗe ne daban ake nema?

Amsa: Malam, asusun da kake nufi shi ne NHF, wanda dokar 1992 ta kafa, ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, kuma bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ke kula da shi. Bashinsa yana zuwa da ruwa kashi 6 cikin ɗari, ana kuma iya biyan sa har tsawon shekara 30. Wannan tsawon shi ne "tenor", abin da Ingila ke kira "term", kuma shekarun da suka rage maka ka yi ritaya suna iya gajarta shi. "Equity contribution" shi ne abin da za ka zuba daga aljihunka cikin kuɗin gidan, ba lada ba ne na wani jami'i, kuma ba shi ne abin da aka daɗe ana cire maka ba, don haka ka tambaya a rubuta maka kashi nawa ne ya hau kanka bisa girman bashin da kake nema.

"Governor's consent" ya fi su nauyi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, wanda takardar C of O ke tabbatarwa, galibi na shekara 99 idan gidan zama ne. A ƙarƙashin dokar, sayarwa ko jinginar da irin wannan haƙƙi yana buƙatar amincewar gwamna, kuma neman ta yana cin kuɗi da lokaci. Takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu tana da darajarta a tsakanin jama'a, amma banki ba zai karɓe ta a matsayin jingina ba. Kafin ka ba mai gida ko naira ɗaya, ka ɗauki lauya ya je ofishin rajistar filaye na jiha ya bincika sunan wa ke kan takardar, da kuma ko akwai "encumbrance" a kanta, wato wata jingina ko da'awa da ta riga taka hawa kan gidan.