Mustang ɗin Baba: a dasa mata injin gazuwal ko a bar ta yadda take?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Daga Zango nake nan Damagaram. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan shi, ya bar mana tsohuwar Ford Mustang ta 1967, wani Bature ne ya saida mishi ita tun muna yara, yanzu ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa har kaji na ƙwai a ciki. Ina son in tada ta. Makanikena ya ce a cire injin a dasa na Toyota mai gazuwal, ƙannena sun ce a yanke rufin a sa manyan ƙafafu da baƙin fenti, ni kuma wallahi raina na son ta yadda Baba ke fita da ita ran sallah. Wa zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya gafarta ma Baba. Kafin ka bi kowa, ɗauki tocila ka buɗe ƙofar direba, akwai ɗan faranti na ƙarfe a gefenta mai lambobi. Dubi harafi na 5 a lambar motar. In T ne, inji mai silinda 6 ne. C ko A na nufin V8 (inji mai silinda 8) ɗin nan 289, wato lita 4.7, in kuwa ka ga K ko S to rufe ƙofar ka yi shiru, kada ma makaniken ya ji, don waɗannan su ne masu tsada. Har launin fentinta na asali yana rubuce a farantin nan.

Ni dai ga yadda nake kallon abin: duk abin da sufana ta ɗaura, sufana za ta kwance, wannan ka canza shi hankali kwance. Amma abin da sai an kawo injin yankan ƙarfe ko walda, a'a. Ƙannenka ba su san Mustang ba ta da shasi daban irin na Hilux ba, jikin nata shi ne ƙashin bayanta, ka yanke rufi ka hau hanyar Matamaye kafin ka dawo ƙofofi sun daina rufuwa daidai. Injin gazuwal ma haka, sai an sare wurin zamansa an yi walda, kuma a ƙarshe me ka samu? Mota mai fuskar Mustang da muryar a-kori-kura. Ai rurin injinta na asali ne kuke tunawa ran sallah, ba siffarta kaɗai ba.

Amma kar ka ce komai sai na asali, motar nan ba don zafin watan Afrilu na Damagaram aka ƙera ta ba. Radiyata ka sa ta alminiyam mai kauri, ka ƙara fanka ta lantarki. Birkin gaba in na ganga ne ka maida shi na faifai, Ford da kanta tana sa ma mai so a 1967 ɗin, ba bidi'a ka yi ba. Dukan robobi da tiyon mai da wayoyin wuta sabo, ɓeraye sun riga ka. Sai wani abu da makanikai da yawa ke mantawa, injin nan an yi shi lokacin fetur mai darma, yanzu kuwa babu darma a mai, to in an buɗe kan injin a sa mazaunin bawul masu tauri. Matatar iska ka sayi biyu uku, ka san ƙurar hunturu.

Duk abin da aka cire, ko kusa guda ce, ka shafa mata mai ka sa a kwali ka rubuta suna, kar yaran garaji su kai wa 'yan gwangwan. A 1967 Ford ta ƙera Mustang sama da 470,000, shi ya sa har yau ana buga kayanta sababbi a Amurka, sai dai kuɗin kawowa da na duwan su ci aljihu. Amma ƙarfen da ya fito da wannan motar taka ba a sake buga shi.

Fenti kam na bar maka, ko da yake ni da na farantin zan koma. Kuma dan Allah kar wanda ya ɗaura batir ya murɗa makulli tukuna, a zubar da tsohon mai a wanke tanki, a cire fulogi a ɗiga man inji cikin silinda ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu. In ya juya ka rubuto min, tare da harafin nan na 5.