Awa nawa ake aiki a sati, kuma ana biyan obataya?

Ɗan'uwa ka tambayi awannin aiki a Najeriya, to gaskiya ya danganta da inda ka samu. Aikin gwamnati dai 8 na safe zuwa 4 na yamma ne, Litinin zuwa Juma'a, awa 40 kenan a sati. Banki kuwa kar rufe ƙofa ƙarfe 4 ya ruɗe ka, ma'aikata suna ciki suna haɗa lissafi wani lokacin har bayan magariba kuma yawanci ba wani kuɗin obataya, albashin ne kawai. Masu gadi su nake tausayawa wallahi, awa 12 a tsaye. Dokar ƙwadago ta bar maganar awanni ga yarjejeniyarku da mai aikin, don haka kafin ka sa hannu ka tabbata an rubuta awannin da kuɗin ƙarin lokaci a takardar ɗaukar aiki.