Jirgin da ya haura shekara 80, ana iya shigarsa?

Tambaya: Ɗana da ke aiki a Ingila ya biya mini kuɗin shawagi a jirgin Tiger Moth a filin Duxford. An ce tun zamanin yaƙin Hitila aka ƙera shi. Gaskiya hankalina bai kwanta ba. Ba kasada ba ce?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa ɗan nan albarka. Tsufan jirgin kada ya dame ka. Kamfanin de Havilland ya fara tashin wannan samfurin a 1931, sojan saman Birtaniya suka karɓe shi a 1932, aka ƙera sama da 8,000, kuma a cikinsa dubban matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu suka koyi tuƙi. Wanda ke tashi yau an sha sauya masa kyallen fukafukai da wayoyi, injinsa na Gipsy Major kuwa ana kwance shi a gyara bisa ƙa'idar awoyin da ya yi yana aiki.

Abin da nake so ka ji tsoro shi ne farfela. Kullum sai na ga baƙo ya dafa ta don ɗaukar hoto, in na yi magana ya ce ai an kashe inji. Wa ya gaya maka? Wannan inji ba ruwansa da batir, magneto biyu, wato ƙananan janareto, ke ba filogi wuta, kuma su ke samar da wutarsu da zarar farfela ta juya su. Makunnin ba ya yanke komai, karkatar da wutar kawai yake yi zuwa jikin jirgi ta wata siririyar waya. Wayar nan in ta tsinke ko ta yi tsatsa, makunni na nuna a kashe, alhali injin a shirye yake. Dama da hannu ake tayar da Tiger Moth, ana fizgar farfelar, to me zai hana ɗan turin da ka yi mata ya tayar da shi, musamman in yana da zafi? Kafin ka janye hannu ta riga ta sare shi. Samfurin Ingila na asali ko birki ba shi da shi, waigi ake sa wa tayoyi, in babu sai ya taho kanka.

Masu ɗora bidiyo suna rungumar farfela suna ba ni takaici ƙwarai, domin su ke koya wa jama'a wannan ganganci.

Ka tunkari jirgin ta inda ma'aikaci ya nuna maka, ka taka inda ya ce kawai, kada ƙafarka ta huda kyallen fiffike. Ka sa rigar sanyi mai kauri, mazaunin a buɗe yake, babu rufi.