Inna ta zame a makewayi

Tambaya: Salamu alaikum Malama. Mahaifiyata ta haura shekara 70. Da asuba ta zame a makewayi, Allah ya kiyaye ba karaya, sai targaɗe. Tun ranar ko tsakar gida ba ta son fita. Ya zan yi? Daga wata 'yar uwa a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Fara da makewayin: simintin da gansakuka ta kama ya fi sabulu santsi, a kankare shi, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a ajiye mata kujera 'yar tsugunno don alwala. Tocila ta kwana kusa da matashinta. Silifas ɗin da ya suɗe kuwa, jefar da shi, ko za ta yi faɗa.

In ta farka, ta ɗan zauna bakin gado kafin ta miƙe, saboda jini kan sauka a lokacin, jiri ya kwashi mutum, musamman mai shan maganin hawan jini. Ga zafin Garwa na watan Maris, dole ta yawaita shan ruwa. A kai ta a duba idonta, ko yanar ido ce.

Zaman ɗakin nan ya fi damuna, ƙafa mutuwa take yi. Riƙe hannunta ku zaga gida kullum bayan la'asar.