Tambarin cokalin azurfa ya shafe, yaya zan gane shekarunsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da tsohon cokalin azurfa da aka ce ƙirar ƙasar Holan ne. A bayan mariƙinsa akwai zaki yana tafiya, da wani kai sanye da kwalkwali, da harafi guda da ya kusa ɓacewa. In goge shi da maganin goge azurfa ko zai fito?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganin nan tukuna. Yawan guga ne ya cinye tambarin tun farko, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi, a tsane. Baƙin da ya kwanta cikin ramin tambari a bar shi, shi ke fito da zanen. Sai a samu gilashi mai ƙara girma sau 10, a haska tocila daga gefe, kusan a kwance, ana juya cokalin a hankali. Hasken da ya faɗo daga sama yakan kashe inuwa. In an hura masa numfashi ma zanen kan bayyana na ɗan lokaci.

Fara da zakin. Daga 1814 zuwa 1953, zaki mai tafiya da lamba 2 na nufin azurfa kashi 833 cikin 1,000, zaki tsaye kan ƙafafun baya da lamba 1 kuwa kashi 934. Bayan 1953 ma'aunin ya koma 835 da 925, lambobin suka zama II da I irin na Rumawa. Ko zakin ya lalace, lambar kaɗai ta raba maka zamani biyu.

Kan mai kwalkwalin na Minerva ne, wata gunkiya ta tsofaffin Rumawa, kuma ɗan harafin da ke jikin kwalkwalin shi ne alamar ofishin da ya auna azurfar: A na Amsterdam, B na Utrecht, C na Hague, D na Rotterdam, M na Schoonhoven. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su ɗauke shi a matsayin harafin shekara, wato harafin da ke nuna shekarar da aka buga tambarin. Na shekara daban yake, shi kaɗai. Da yake haruffan na zagayowa, salon rubutun ne ke bambanta wannan zagaye da wancan, don haka a gwada abin da ya saura na harafin da jadawalin shekaru, lanƙwasa da lanƙwasa.

In ka ga mabuɗi an buga kan zakin, kayan an fitar da su ƙasashen waje ne. Ƙananan kaya kuma takobi kawai ake buga musu, ba harafin shekara.

Sai hattara da abu guda. Tambarin gari, irin giciye uku na Amsterdam ko shamuwar Hague, na zamanin ƙungiyoyin maƙera ne da aka rushe a 1798, amma maƙeran ƙarni na 19 sun yi ta kwaikwayonsa. In ya zo tare da zaki mai lamba 2 da harafin shekara, bi shekarar harafin.